Rigar Lamba Shida

Alhamis, 13 ga Maris 2014, bayan La'asar

Mun ci. Ɗaya da nema, minti na tamanin da uku, Mishari ya tashi sama da kai a bugun kusurwa, ƙwallo ta shige ta ƙarƙashin hammatar mai tsaron ragarsu. Shekara goma sha tara ina wanke wa ƙungiyar kwalejin sojan nan ta Riyad riguna, ban taɓa ganin mun kai wasan ƙarshe na kofin kwalejoji ba sai yau. Ɗalibai suka ɗaga koci sama. Oumarou mutumin Maraɗi, mai ban ruwan ciyawar filin, ya yar da tiyo ya rungume ni har hulata ta faɗi, yana cewa, "Malam Sha'aban, a kan ciyawata aka ci su!"

Ni kuwa na tattara rigunan na wuce ɗakin wanki. Riga lamba shida na fara jefawa cikin inji, jiƙe sharkaf da gumin Mishari. Da hannuna na rataye ta da safe, wannan ban musa ba.

Abin da ya faru kafin in rataye ta ba zan rubuta shi ba. Littafi ma yana da ido.

Juma'a, 14 ga Maris, bayan sallar Juma'a

Sabuwa ta yi mana tuwon shinkafa da miyar kuka, wai na murnar cin wasa. Ta ce tun da ta aure ni take jin labarin ƙungiyar da ba ta taɓa ciyo ko cokali ba, yau dai ta ga ranar wankina. 'Yarmu Hajar ta ci loma uku ta koma kan littattafanta. Shekararta ta ƙarshe ce a sakandare, jarabawa ƙarshen Mayu, kuma ta ɗaura niyyar karatun aikin jinya. A nan unguwar Nasiriya aka haife ta, a ɗakin nan da nake rubutu. In na yi mata Hausa, Larabci take mayar mini, wai Hausarta tana da nauyi a baki.

Na so in ba su labarin kakar bana tun daga farko: yadda aka lallasa mu a wasanni biyun farko har ɗalibai suka daina zuwa kallo, yadda sabon koci ya mayar da Mishari tsakiya, yadda muka yi wasa bakwai a jere ba a zura mana ko ɗaya ba. Duk ina gefen fili da jakar safa da kwalaben ruwa. Na buɗe baki, sai na fasa. Na ce kaina ke ciwo.

Lahadi, 16 ga Maris, ƙarfe sha ɗaya na safe

Waɗanda muka ci sun kai ƙara. Oumarou ne ya leƙo ɗakin kaya ya gaya mini da raɗa, kamar wanda ya zo sanar da mutuwa. Sun ce Mishari yana da katin gargaɗi biyu, dakatacce ne, bai kamata ya taka fili ranar Alhamis ba.

Gaskiyarsu ce.

Ga yadda aikin yake tun zuwana. In an dakatar da ɗan wasa, takarda takan zo daga ofishin wasanni zuwa wurina, ɗauke da lambar rigarsa. Sai in cire rigar, in ninke in sa a akwati. Ranar wasa, rigunan da ke rataye a ƙugiya su ne masu ikon shiga fili. Kociyoyi shida na yi zamani da su, duk da ƙugiyata suke aiki, ba wanda ya taɓa samun ta da kuskure. Takardar ta zo ranar Talata. Na karanta ta. Na ninke riga.

Oumarou ya ce, "To ƙaƙa aka yi ta koma bisa ƙugiya?"

Na ce masa ya je ya duba ciyawarsa, gefen tuta ya fara bushewa.

Litinin, 17 ga Maris, da hantsi

Ba wanda ya kira ni. Na goge takalma ashirin da biyu, har waɗanda ba su yi datti ba.

Talata, 18 ga Maris, bayan Azahar

Yau aka kira ni. Mushrif, mai kula da mu ma'aikatan kamfanin da ya ɗauko ni, ya zaunar da ni a ofishinsa har da ba ni kujera mai hannu. Shekara goma sha tara, ban san akwai ta don irinmu ba. Ya turo mini takarda bugaggiya, ya ce, "Ma fi mushkila, ba matsala, ya Sha'aban. Sa hannu kawai, halas, shi ke nan."

Na ce bari in karanta. Ya yi dariya, ya ce ai da Larabci take. Na ce na gani.

Takardar ta ce ni Sha'aban, mai kula da kayan wasa, baƙo ne da bai iya bambance lambobin Larabci ba. Wai da takardar dakatarwa ta zo da ٦, wato shidan Larabawa, sai na ɗauka bakwan Turawa ce irin wadda ke bayan riguna, saboda suna kama. Wai sai na ninke riga lamba bakwai, na bar lamba shida a rataye, koci kuma ya bi ƙugiya. Sun yi sa'a, mai lamba bakwai dama yana jinyar gwiwa, bai buga ba. Wanda ya zauna ya ƙulla wannan ƙarya yana da kai, wannan na ba shi.

Mushrif ya bayyana mini sauran. In kuskuren ma'aikaci ne, kwamiti zai ce a sake wasan. In da gangan aka yi, za a kori ƙungiya daga gasar, kuma wani mai taurari a kafaɗa zai amsa tambaya. Ni kuma ba abin da zai same ni, sai ɗan gargaɗi a takarda.

Na mayar masa da takardarsa, na ce shida ce, kuma na ga shida ce.

Laraba, 19 ga Maris, bayan Asuba

Ni za a ce ban san shida ba? Ni?

Ina ɗan shekara bakwai a Funtua, Malam Na'iya ya sa mu neman shafi a bugaggen Alƙur'ani da lambar da ke ƙasansa. Wanda ya buɗe ba daidai ba ya sha dorina. Har yau akwai tabo a bayan hannuna na hagu, kuma a kan shidan nan na same shi. Lambar iƙamata, katin izinin zamana a ƙasar nan, da waɗannan lambobin take, na haddace ta. Lambar motar da nake shiga a Batha da su take. Shekara goma sha tara ina karanta takardun ofishin wasanni, ba wanda ya taɓa tambayata ko na iya, sai yau da suke neman jakin da za a ɗora wa kaya.

Abin da ya fi ƙona mini rai, sun tabbata kowa zai yarda. Baƙin mutum mai wanki ya ga shida ya ce bakwai, wa zai yi mamaki? A kan wannan suka gina ƙaryar tasu.

Shida ce.

Alhamis, 20 ga Maris, ƙarfe biyu na rana

Naƙib da kansa ya zo ɗakin kaya. Shi ne kyaftin ɗin da ke kula da harkar wasanni. Ba zan rubuta sunansa ba. Rabon da ya tako ɗakin nan tun safiyar Alhamis waccan, kuma yau a daidai wurin ya tsaya, gefen akwati.

Ya zo da dabino da gahawa a fulas, ya zuba mini da hannunsa. Ya ce, "Ammu Sha'aban, kai ubanmu ne a nan. Yaran nan 'ya'yanka ne. Za ka so a ƙwace musu abin da suka sha wahala a kansa?" Ya tambayi lafiyar iyali. Ya ce ya ji ina da 'ya mai ƙoƙari a makaranta, Allah ya raya ta. Yana kallon silin ya ce ya ji iƙamata saura wata guda ta ƙare, kuma kamfanoni yanzu sun cika jan ƙafa wajen sabuntawa, amma shi yana da wanda zai yi wa magana.

Iƙamar Sabuwa da ta Hajar a ƙarƙashin tawa suke. Ya sani, na sani, kuma ya san na san ya sani.

Na sha gahawar, don ba ita ta yi mini laifi ba. Na ce, "Ɗal umrak, ranka ya daɗe, na gode da dabino." Ya jira sauran maganar, bai samu ba. Ya ce kwamiti zai zauna ranar shida ga Afrilu, ina da lokacin tunani.

Asabar, 22 ga Maris, bayan La'asar

Mun haɗu da Oumarou a Batha, wurin mai shayin da ke bayan tashar motoci. Na gaya masa komai, shi kaɗai. Ya daɗe yana juya cokali a kofi.

Ya ce, "Malam, in ni ne, wallahi sai in sa hannu har da na ƙafa. Mine ne ciki? Sun ce ba ka iya karatu ba. To sai mi? Mu nan kullum ana ce muna abin da ya fi wannan, muna haɗiyewa da ruwa."

Na ce, "Kai aka ce wa, ba kai ka faɗa da bakinka ba. Ni so suke in rubuta da hannuna."

Ya ce, "Hannu ne za shi ci da ɗiyarka, ko suna?"

Na ce masa ya sha shayinsa. Ya ce taurin kan Katsinawa sai Allah. Na ce ai daga Katsina kakanninsa suka yi ƙaura zuwa Maraɗi, can suka tafi da rabin taurin suka bar mana rabi. Muka yi dariya, amma da zai shiga motar Dir'iyya wurin ƙanensa, bai waiwayo ba.

Lahadi, 23 ga Maris, bayan atisaye

Magana ta fita. Ɗaliban da suke shigowa suna "Ammu Sha'aban, ina safata," yau kowa ya ɗauki kayansa bakinsa a rufe. Wani ya jefa rigarsa a ƙasa maimakon kwando, yana kallona. Na bar ta a nan har ya gaji da tsayuwa ya fita. Daga baya na ɗauka, don rigar ba ta san komai ba.

Mishari ya tsaya bayan kowa ya watse. Yaro ne mai ladabi, shekararsa ta ƙarshe ce, bana za a ɗaura masa tauraro. Ya ce, "Ammu, wallahi na ga rigata a rataye, na ɗauka an ɗage hukuncin ne. Na tambaya aka ce in shiga." Na ce na sani. Ya ce, "Ba ni da wata shekarar. In aka kore mu, shi ke nan." Idonsa ya kawo ruwa, ya juya baya don kada in gani.

Wannan ya fi gahawar Naƙib zafi. Ina son ƙungiyar nan. Ba ni da kunyar faɗa, ina son ta fiye da yadda ya kamata mai wanki ya so abin da ba nasa ba.

Talata, 25 ga Maris, da rana tsaka

An karɓe mabuɗin ɗakin kaya. An mayar da ni wankin barguna a ɓangaren kwanan ɗalibai. Wanda aka ba mabuɗin ya zuba jajayen safa da fararen wanduna a inji ɗaya, yau ƙungiyar soja ta yi atisaye da wando ruwan hoda. Allah ya yafe mini, na ji daɗi.

Laraba, 26 ga Maris, bayan Azahar

Barguna ɗari da goma. Bayana kamar an sare shi.

Alhamis, 27 ga Maris, bayan Magariba

Sabuwa ta sani. Matar wani direba ce ta kai mata, ta ƙara da gishiri. Na shigo na tarar ta zauna a kan tabarma ba ta kunna fanka ba.

Ta ce, "Malam, mako biyu kana ciwon kai ashe wannan ne?"

Na zauna na warware mata. Ba ta katse ni ba har na gama. Ta ce, "Na san ba ka yi ba. Ko ba ka faɗa ba na sani. Amma ni da kai in aka ce mu tafi, gida za mu koma. Ita fa? Ina za ta koma? Yarinyar da ko sau ɗaya ba ta taɓa taka Funtua ba, ba ta san ɗakin kakarta ba, ba ta iya gaida manya da Hausa ba sai ta haɗa da Larabci."

Na ce ai ba a ce za a kore mu ba.

Ta ce, "Kada ka mayar da ni yarinya. Shekara ashirin muna ƙasar nan, na ga yadda ake yi."

Na ce to in sa hannu in ce ni jahili ne?

Ta ce, "Ka sa hannu ka ce kai uba ne."

Ban ci abinci ba. Ita ma ba ta ci ba.

Juma'a, 28 ga Maris, bayan masallaci

Liman ya yi huɗuba a kan shaidar zur. Ban aike shi ba.

Asabar, 29 ga Maris, da hantsi

Hajar ta same ni ina gyaran igiyar shanya. Da Larabci ta yi magana, da sauri, irin na yaran Riyad da in ba ka kasa kunne ba sai rabi ya wuce ka. Ta ce ta ji komai. Ta ce malamarsu ta ce ita ce ta biyu a aji. Ta ce saura wata biyu kacal. Ta ce, "Baba, lamba ce fa. Lamba ɗaya. Rayuwata za ka ba da saboda lamba ɗaya?"

Na amsa mata da Hausa, na ce ba lamba ba ce. Ta ce to mene ne? Na nemi kalmar da zan ba ta da harshen da za ta ji har zuciya, ban samu ba. Hausar da nake da ita ta fi ƙarfin kunnenta, Larabcin da nake da shi na ɗakin wanki ne.

Ta ce, "Su ba za su tuna da kai ba ko ka sa ko ba ka sa ba. Ni ce zan tuna."

Ta shige ɗaki ta rufe ƙofa a hankali. Da ta buga ta da ƙarfi ma da ya fi mini sauƙi.

Litinin, 31 ga Maris, ƙarfe goma na safe

Mushrif ya tare ni a bakin ɗakin barguna. Ya ce takardar sabunta iƙamata tana kan teburinsa, kusa da ɗayar takardar, kuma biro ɗaya ne zai yi aikin duka biyun. Na ce masa Allah ya ba biron lafiya.

Na faɗa da ƙarfin hali, na wuce wurin inji.

Talata, 1 ga Afrilu, bayan La'asar

Hajar ba ta yi mini magana ba yau kwana uku. Tana ajiye mini ruwan alwala a bakin ƙofa ta wuce.

Laraba, 2 ga Afrilu, bayan Asuba

Zan sa hannu.

Na rubuta a nan don in gani da idona. Zan sa. Allah ya san abin da na karanta ranar Talatar nan, ya san wanda ya buɗe akwati ranar Alhamis, ya san wanda ya ce "wannan umarni ne" ya ninke takardar dakatarwa ya zura a aljihunsa. Ba sai kwamiti ya sani ba. Yaran za su sake wasansu, Hajar ta yi jarabawarta ta shiga makarantar jinya, ni kuma in zama tsohon da ya ga shida ya ce bakwai. Za a yi dariya a ofishin wasanni wata ɗaya a manta.

Na gaya wa Sabuwa. Ta ce Allah ya saka da alheri, ta fashe da kuka. Ban gane ko na daɗi ba ne.

Alhamis, 3 ga Afrilu, da rana

Na gaya wa Mushrif. Ya dafa kafaɗata, ya ce dama ya san ni mai hankali ne. A gaban kwamiti za a sa hannun, don ya fi ƙarfi. Kafin Azahar an dawo mini da mabuɗina. Ɗalibai sun dawo da "Ammu Sha'aban." Oumarou ya kawo mini goro.

Kowa yana sona yau. Ni kaɗai ne ba na son kaina.

Asabar, 5 ga Afrilu, bayan La'asar

Sabuwa ta goge mini farar jallabiya. Hajar ta gaishe ni da safe.

Lahadi, 6 ga Afrilu, bayan Magariba

Bari in rubuta yadda ya faru tun ban manta komai ba.

Mutum biyar ne a bayan dogon teburi, duk baƙi daga hukumar gasar. Shugabansu wani kanar ne mai furfura da tabarau a kan hanci. Naƙib yana zaune gefe, Mushrif yana tsaye a bayana. Magatakarda ya karanta takardar da ƙarfi. Da ya kai wurin da aka ce ban iya bambance lambobi ba, ɗaya daga cikinsu ya yi murmushi ya girgiza kai, irin murmushin da ake yi wa yaro in ya sa takalmi a juye. Na haɗiye.

Kanar ya ce, "Haka aka yi?" Na ce haka takarda ta ce. Ya ce in sa hannu. Na sa. Na rubuta sunana, Allah shaida, na rubuta.

Sai ya ce, "Da kwanan wata a ƙasa."

Magatakarda ya miƙo hannu zai karɓi biron, yana cewa, "Kawo, ya hajji, ni zan rubuta maka, kada ka ɓata mana takarda."

Ban san lokacin da yatsuna suka ƙanƙame biron ba. Na ce zan rubuta. Na tambaye shi yau nawa ga wata, don ofisoshinsu da watan Musulunci suke aiki. Ya duba kalanda, ya ce, "Sitta, sitta." Shida ga watan shida, Jimada Sani, shekara ta dubu da ɗari huɗu da talatin da biyar.

Na ji Mushrif ya daina numfashi a bayana. Hanya a buɗe take: in saki biron, ko in yi jagwalgwalo in ce ido ne. Na tuna Hajar, ba zan ce ban tuna ta ba. Fuskarta na gabana lokacin da na sunkuya. Ba kuskure hannuna ya yi ba, kuma ba aljani ne ya shige ni ba. Na zana shidan farko, na zana ta biyu, na cika shekarar, da lambobin Larabci, tsaf, yadda aka koya mini, a ƙarƙashin layin da ya ce ban san su ba.

Kanar ya jawo takardar, ya gyara tabarau, ya daɗe yana kallo. Ya ɗora yatsa ya ce, "Wannan mene ne?" Na ce sitta. Ya ɗauki biro ya rubuta wata lamba a gefe ya juyo mini. Na ce saba'a, wato bakwai. Ya rubuta wata doguwa, na karanta masa ita har ƙarshe ban yi tuntuɓe ba.

Ya cire tabarau ya ce, "To wa ya rataye rigar?"

Na ce ni.

"Da umarnin wa?"

Na faɗa masa. Abin da na yi kwana ashirin da huɗu ina haɗiyewa bai ci minti biyu ba a baki. Ban kalli Naƙib ba, amma na ji ƙarar kujerarsa.

Da na fito, Oumarou na jirana a bakin fili da tiyo a hannu. Ya dubi fuskata kawai ya ce, "Kai, Malam. Kai, Malam." Ruwa yana ta zuba a kan takalminsa bai sani ba.

A gida na faɗa musu a tsaye, ko zama ban yi ba. Sabuwa ta ce, "Inna lillahi." Hajar ta shige ɗaki.

Talata, 8 ga Afrilu, ƙarfe sha biyu

An cire mu daga gasar. Waɗanda muka ci su za su buga wasan ƙarshe. An ce Naƙib ya tafi hutu, ba wanda ya san na kwana nawa.

Na kwashe rigunan duka na wanke, na goge, na ninke bi da bi daga ɗaya zuwa ashirin da biyu. Wanda zai gaje ni ba zai ce ya tarar da ƙazanta ba. Ɗalibai suna wucewa ta bakin ƙofa kamar ba kowa a ciki. Mishari ya tsaya, ya buɗe baki, ya rufe, ya yi mini gaisuwar soja ya tafi. Ban san me yake nufi da ita ba, kuma ban bi shi na tambaya ba.

Kakar da ta fi kowace kyau a shekara goma sha tara, ni na kashe ta da biro. Na yi kuka a bayan inji, inda ƙararsa za ta rufa mini asiri. Amma ban yi nadama ba, kuma ba zan ara don in faranta wa wani ba.

Alhamis, 10 ga Afrilu, bayan Azahar

Kamfani ba ya bukatar aikina. Mushrif ya miƙo mini takardar huruj niha'i, fita ba dawowa, ni da iyalina, cikin kwana sittin. Bai ba ni kujera ba wannan karon. Na karanta ta a tsaye a gabansa, da ƙarfi, har da lambobin, don ya ji da kyau.

Na ƙirga a hanya. Hajar za ta gama jarabawa saura kwana huɗu wa'adin ya cika. Za ta rubuta. Makarantar jinya kuwa ta tafi.

Juma'a, 11 ga Afrilu, bayan La'asar

Ina zaune a tsakar gida ina ware takardun da za mu tafi da su, sai Hajar ta fito ta tsaya a kaina. Idanunta sun kumbura. Na zaci Larabcin nan mai sauri zai zubo, na shirya masa.

Da Hausa ta yi magana, kalma ɗaya-ɗaya, kamar mai taka ƙasa mai zafi.

"Baba, ni ban yafe ba tukuna."

Na ce na sani.

"A Funtua, in na yi Hausa ba daidai, za su yi mini dariya?"

Na ce za su yi.

"Sosai?"

Na ce sosai, har da 'yan yara.

Sai ta ja gefen tabarma ta durƙusa, gwiwa ɗaya a sama kamar mai shirin tsere, ta ce in nuna mata yadda za ta gaida mahaifiyata. Na ce ta sauke ɗaya gwiwar, ta sunkuyar da kai, kada ta kalli tsohuwa cikin ido. Ta gyara. Ta ce, "Ina kwana, Kaka."

Na ce da yamma ina wuni ake cewa.

Ta ce, "Ina wuni, Kaka."

Na ce ta ƙara. Saura kwana hamsin da tara.